Dodon da ke bayan matuƙin jirgi

Shekarun baya da nisa, lokacin da alhazai ke zuwa ta jirgin ruwa su sauka Jidda, ina wanzanci a unguwar Jarwal da ke Makka. Na gaji zabira daga mahaifina, kuma a lokacin ina ji da kaina. Aski, ƙaho, tsaga, babu wanda nake ganin wani ya fi ni. Idan an ce wanzamin Takari, nan take sai in gyara zama.

Wata safiya, Arfa ta kusa, abokina mai sayar da shayi, mutumin tsibirin Jawa, ya shigo rumfata da wani dattijo gajere mai ƙirar ƙarfi. Ya ce baƙo ne, asalinsa ɗan ƙasar Sin, ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin jiragen ruwa, da girmansa ya musulunta. Ba ya jin Larabci sosai, amma yana jin yaren su abokina, don haka abokina ne tafinta. Na ɗauka aski yake so, har na fara wasa aska. Sai ya juya mini baya ya tuɓe riga.

Zane ne aka yi masa a cikin fata. Wata halitta ce kwance a bayansa, ta naɗo daga ƙugu ta hau gadon baya, kanta ya sauka a kafaɗar dama. Jikin maciji, ɓawon kifi, faratan shaho, ƙaho kamar na barewa, ga dogon gashin baki. Da shuɗi da kore da ɗan ja, kowane ɓawo an fitar da shi daban. In ya ja numfashi sai ka ga abin yana motsi. Ni da nake alfahari da tsaga uku a kumatu, in shafa baƙin tukunya in ce na yi aiki, ranar na san akwai masu hannu a duniya. Kunya da sha'awa suka kama ni tare.

Abokina ya ce, “So yake ka ɗaye masa shi. Duka.”

Na ce, “Fatar mutum ce fa, ba ta rago ba.”

Sai ya ba ni labarin. Da dattijon ya iso ya shiga ɗawafi, ya buɗe kafaɗar dama yadda ake yi, sai kan dodon ya fito fili. Wani ya ja da baya yana neman tsari, wasu suka riƙa nunawa. Tun ranar bai ƙara cin abincin kirki ba. Ga shi a harami ba a sa ɗinkakkiyar riga, mayafin kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Dattijon ya ce ba zai tsaya gaban Ubangiji a Arfa da wannan abu a jikinsa ba. In na ƙi, zai sa ƙarfe a wuta ya yi da kansa.

Na san zai aikata, an gani a fuskarsa. Na kuma san ciwo mai wannan faɗin, cikin zafin Makka, ba Arfa zai kai shi ba, makabarta zai kai shi. Na roƙe shi ya ba ni zuwa gobe.

Da na shiga gida na kwatanta wa mahaifiyata halittar. Ta ajiye tasa ta ce, “Ya waladi, ai Gajimare ne wannan. A garinmu cikin tsohuwar rijiya yake kwana, in hadari ya haɗu ya fito ya shanye ruwan.” Na ce Larabawa tinnin suke ce masa, wai wuta yake fesawa. Ta ce, “Kowa da nasa. Kai dai kada ka kashe baƙon Allah, halas, magana ta ƙare.”

Daga nan na tafi wurin wani tsohon malami a unguwarmu. Ya ce musulunci ya shafe abin da ya gabace shi, babu wanda ya ɗora wa mutumin nan ya cutar da kansa. Na ji daɗi, na ce shi ke nan.

Ashe da saura. Washegari dattijon ya saurari fatawar, ya gyaɗa kai, ya yi godiya, amma idonsa bai kwanta ba. Na nuna masa tsagar da ke fuskata, na ce da ita nake ɗawafi tun ina yaro. Ya ce tawa layi ce kawai, tasa kuwa tana kallon mutane. Don in ja lokaci sai na tambaye shi mene ne wannan halitta a wurinsu. Fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce a ƙasarsu ba mugu ba ne, shi ake danganta wa ruwan sama da koguna, matuƙa suna zana shi don teku ta bar su. Na yi dariya na ce namu shanye ruwa yake, naku kawowa yake. Ya ce wani tsoho ne ya yi masa zanen a wata tashar jirgi, da allura, zama bayan zama. Idanun ya bari ƙarshe, domin a wurinsu sai an ɗiga ido zanen yake yin rai.

Na ce wa abokina, “Maimaita mini wannan.”

Ya maimaita. Na ce, “To tambaye shi, in babu idon fa?”

Dattijon ya kai hannu ya shafa kafaɗarsa. Can ya ce, in babu ido, tawada ce kawai.

Na wanke hannu, na ɗauko ƙaramar askar da nake tsagar ƙaho da ita. Idanun ba su fi ƙwayar dawa ba, amma nan mai zanen ya zuba duk gwanintarsa: baƙi a tsakiya, ja a gefe, da wani ɗan fari da ya bari na fatar kanta. Wallahi sai da na tsaya na ƙare musu kallo. Na yi bismilla na ɗauke na farko, na ɗauke na biyu, na sa magani na ɗaure. Ko motsi bai yi ba. Da aka haɗa masa madubi biyu ya gani, sai ya kifa fuska a tafin hannu ya yi ta kuka, mu kuma muka ba shi wuri.

Ya yi Arfa lafiya. A Mina ya ratsa wanzamai da yawa ya nemo ni, ni na aske masa kai. Mayafinsa ya zame daga kafaɗa, bai ko damu ya gyara ba.

Yanzu jikokina suna nuna mini samari a waya da irin wannan zane a hannu, suna jira in yi faɗa. Nakan ce haramun ne, kada in gani a jikin kowa, sannan in ce a matso da wayar in duba aikin. Har yau ban ga wanda ya kama ƙafar na dattijon ba. Ban taɓa sanin tsohon da ya zana shi ba, amma ina girmama hannunsa, kuma ina jin nauyinsa. Shi ya fi ni iya aiki nesa ba kusa ba, ni kuma na ɓata masa wurin da ya fi kyau. Da za a dawo da ranar, zan sake ɓatawa.