Tsayin Motar Yaya

Ni da yayana muka haɗa hannu muka sayi wata tsohuwar jif a gwanjo, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, lokacin da Turawa ke tattara komatsansu suna sayar da abin da ba za su iya tafiya da shi ba. Sana'armu mazarƙwaila ce. Mukan saya a hannun masu matsar rake a fadamun Kudan, mu kai kasuwar Makarfi, wani lokaci har Ikara. Tare muka sayi motar, amma duk garin nan motar Yaya ake cewa. Ban taɓa jin wanda ya yi kuskure ya ce tawa ba, kuma har yau abin yana ɗan sosa min rai.

Motar ba ta da laifi idan babu kaya. Hanya ce ke da laifi. Manyan motocin auduga da gyaɗa sun haƙa kwari biyu da tayoyinsu, suka bar dogon tudu a tsakiya. Da mun yi lodi sai motar ta zauna, cikinta ya riƙa gogar tudun nan, can kuma ta maƙale, tayoyi suna juyawa a banza. Ga Yaya ba ya iya wuce dattijo a ƙafa. Sai ya tsaya ya sauko, ya durƙusa, a tambayi gida da gona da shanu, sannan ya ce bismilla. Dattijo kuwa ba ya tafiya shi kaɗai, akwai buhu, akwai akuya, akwai wani dattijon da ke zuwa a baya.

Magani biyu aka kawo mana. Wani bakanike a Makarfi ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya ce sifirin ne ya gaji, wato jerin faffaɗan ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota. A ƙara masa ƙarfe, motar za ta miƙe da kanta. Sai dai ƙarfen daga Kano za a nemo shi, kuma bai san ranar zuwansa ba. Na biyun wani ne a Ikara mai yi wa manyan motoci bodin katako. Shi ya ce ba sai an je ko'ina ba. Zai ɗaga bodin, ya cusa guntayen icen ƙirya a ƙarƙashi, ya ɗaure da dogayen kusoshi, mota ta yi tsayi kamar ta gwamna.

Ni ina bayan sifirin. Yaya kuwa tun da ya ji an ambaci gwamna magana ta ƙare a wurinsa.

A gidanmu ƙane ba ya cewa wansa ka yi kuskure. Saboda haka sai in ce bakanike ya ce kaza, shi kuma ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yaron da ake nufi ni ne, mai mata da 'ya'ya, har gemuna ya fara cika. Na bi ta hannun amininsa, aminin ya je ya dawo yana yabon ƙirya. Na sa matata ta yi wa matarsa bayani, su biyun suka ɓuge da hirar tsadar gishiri. Haka muka ci rani muna jan magana, motar tana maƙalewa, mu muna turawa.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Paki cewa Iya, yayar mahaifiyarmu, tana kwance, kuma ba ta da magana sai ta ƙanwarta. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Rabon da su ga juna an daɗe, don gwiwoyin Inna, mahaifiyar tamu, sun daina yarda da jaki, tafiyar ƙafa kuwa ba a ma zancenta. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Da ruwa ya zauna rafukan hanya za su kawo, sai kuma kaka, in da rabon ganawa.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna tana da jinin Fulani, don haka kunyar ɗan fari a wurinta ninki biyu ce. Ana yaye shi aka miƙa wa kakarmu. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake zaune. Da safe zai durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Duk abin da ke tsakaninsu ta kaina yake bi, ni ne gidan wayarsu. Ranar da saƙon ya zo ta kira ni, tana tsintar wake ba ta ɗago ba.

"Ka ji mini ko masu mota suna da hanya ta Paki kafin ruwa ya sauka," in ji ta.

Masu mota suna zaure, taku kaɗan daga inda take. Na je na faɗa wa masu mota. Washegari na tashi babu Yaya babu jif. Ya tafi Ikara, bai ko neme ni shawara ba, don ƙarfen Kano bai zo ba kuma shi ba zai jira ba.

Ranar da ya dawo gari ya fito kallo. Motar ta yi tsayi, ba ƙarya. Yaya gajere ne mai tumbi, kuma bai riga ya saba da sabon nisan ƙasa ba. Ya buɗe ƙofa ya miƙo ƙafa yana lalube, ƙafa ba ta sami komai ba, sai ya juya ya sauko da baya yana rungume da kujera, riga ta tattare masa har wuya. Jama'a suka yi ta sa albarka. Ni kuwa na tsuguna na leƙa ƙarƙashi. Bodi ya hau sama, amma cikin motar, ainihin abin da ke gogar tudu, yana nan inda na bar shi, sifirin yana nan a gajiye. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Ban faɗa wa Yaya haka ba. Na dai faɗa wa duk wanda ya tsaya kusa da ni.

Safiyar tafiya Inna ta fito da lulluɓinta da sandarta. Ta tsaya ta dubi matakin motar, wanda yanzu ya kusa kai mata ƙirji, ta daɗe tana dubansa. Babu wanda ya tuna da gwiwoyinta. Yaya don ita ya yi aikin, amma ba shi da bakin tambayarta ko za ta iya hawa, ita kuma ba ta da bakin gaya masa.

"Wa ya ba su wannan shawara?" ta tambaye ni.

Yaya yana bayan mota yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. Na ce wani ne a Ikara. Ta ce Allah ya shirye shi.

Allah ya taimake mu akwai tarin ƙasar gini a ƙofar gidan maƙwabcinmu. Aka ja motar ta tsaya a gefensa, mata suka riƙe Inna suka hau da ita tudun a hankali, ta shiga mota kamar mai shiga ɗaki. Gaba aka gyara mata ta ƙi, ta zauna daidai bayan direba inda ido ba zai haɗu da ido ba. Sannan aka fara loda tsaraba: dawa, daddawa, kuka, mazarƙwaila, kaji a kwando, da wata tukunya da ta ce ta Iya ce tun suna 'yan mata. Kafin mu kai Makarfi mun ɗauki dattawan da suka samu, kuma kowanne sai Yaya ya yi saukar nan tasa da baya ya gaishe shi.

Mun wuce Makarfi kaɗan motar ta hau tudu ta zauna. Aka sauko ana haƙa ana turawa. Na sa kafaɗa na yunƙura da fushin wata da watanni, motar ta fita, ƙuguna kuma ya riƙe. A kwance kan buhun dawa na ƙarasa tafiyar. Ciwo kamar zai kashe ni, amma raina fari tas, don gaskiyata ta fito a gaban shaidu.

Da la'asar muka isa Paki. An ji ƙarar mota, an tallabo Iya an kawo ta zaure. Ƙofar gidan fili ne shimfiɗaɗɗe, babu tudu babu dutse. Ni ba na iya miƙewa, balle in ɗauki mutum. Mazan gidan surukai ne, Inna ba za ta yarda su taɓa ta ba, matan kuma hannunsu bai kai ba. Aka mirgino turmi aka kifa, ta leƙo ta ce ƙafarta ba ta taka abin da ake daka abincin mutane. Aka tafi neman tsani a unguwa.

Daga cikin zaure muka ji muryar Iya, siririya, ba ƙarfi.

"Ta zo ne? To me take jira?"

Na dubi Inna. Ta riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu tana duban ƙasa. Ban taɓa ganin ta rasa abin yi ba sai ran nan, kuma tausayinta ya kama ni har na manta da ƙuguna.

Yaya ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa wani. Ya zo ƙarƙashin ƙofar motar ya durƙusa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya shimfiɗa bayansa. Fuskarsa tana ƙasa ya yi magana, da ni yake.

"Ka ce ta taka."

Ban ce ba, don ta ji. Can ta cire takalmanta, ta juya, ta sauko da ƙafa ɗaya a bayansa, sannan ɗayar. Da za ta kai ƙasa gwiwa ta ci amanarta, ta kai hannu ta dafe kansa, hula ta faɗi. Ta sami ƙasa ta tsaya da ƙafafunta, amma hannun bai tashi nan da nan ba. Sannan ta karɓi sandarta ta shige zaure, muka ji kuka, jim kaɗan kuma muka ji suna musun wadda ta fi tsufa.

Iya ta ga ƙarshen daminar nan, ta ga rani, har ta ƙara wata daminar. Duk lokacin da hanya ta yarda mukan kai Inna, kuma kowane zuwa haka ake saukar da ita. Ba a sake neman tsani ba.

Da ƙarfen Kano ya iso na sami Yaya a zaure da hujjojina a shirye. Na ce bakanike ya ce a sa sifirin, a cire ƙiryar nan, mota ta koma tsayinta na Allah da Annabi, kowa ya huta. Ya ce sifirin a sa, ya yarda. Ƙirya kuwa a bar ta. Raina ya ɓaci, na fara lissafa masa wahalar da tsayin nan ke ba mu, da yadda mota ke tangaɗi a kwana, da yadda shi kansa yake sauka ana dariya. Ya bar ni na gama, yana murza hularsa a gwiwa.

"In aka sauke motar," ya ce, "Inna da kanta za ta riƙa sauka."

Yaya mutum ne mai furfura a lokacin, har ya aurar da 'ya. Na tashi na tafi wurin bakanike na ce ya sa ƙarfen, kada ya taɓa icen.