Mayafin Mashkura

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran aminiyata Malama Mashkura Bello a gidanta da ke Durumi, Abuja, bayan jinyar mako uku.

Mashkura, a 2016 kika rufe shagonki na Utako kika tafi aikin sa kai wani ƙauye bayan Ngaundere, a Kamaru, don koya wa mata kiwon zuma. Na ce miki wa ya aike ki, kika yi dariya. Can kika tarar da zawarawa sun saƙa amya sun rataye a bishiyoyi, amma ko ƙudan zuma ɗaya bai shiga ba. Kika nuna musu yadda ake turara amya da kaki da ganye mai ƙamshi, ki gama ki goge cikinta da koren mayafinki. Zuma ta shiga. Kika dawo gida, su kuma da ita suka ciyar da marayunsu shekara takwas.

Matan sun haƙiƙance sirrin yana jikin mayafin. Ke kuma kullum ki ce ƙamshin kaki ne ya kama shi, shi ya sa ba ya ganin sabulu. Na sha tsokanarki a kansa, ina cewa kada ki biyo ni biki da wannan tsumman.

Bana gobarar daji ta kori zumar, amya talatin da ɗaya suka zama wayam. Shugabar matan, Dada Kubra, ta roƙe ki ki zo kafin damina ta kankama. Kika yi alkawari, sai ciwo ya riga ki. Da kika rasu na kasa buga mata waya. Wannan laifina ne.

Ranar sadakar uku, bayan azahar, muna zaune a tsakar gida, taron zuma ya sauka a kan mayafin da ke rataye a igiya. Suka lulluɓe shi baƙi ƙirin. Ba su harbi kowa ba, kuma ba su yi ƙugi ba ko kaɗan. Da aka kira la'asar suka tashi, suka yi gabas.

Washegari Dada Kubra ta kira ni, muryarta cike da murna.

"Batulu, ki yi wa Mashkura godiya, zuma ta shiga amya ɗaya jiya da yamma. Amma me ya hana ta tsayawa mu gaisa? Mun hango mayafinta a gindin ɗorawa."

Ina jin ta, idona yana kan igiyar, mayafin na nan inda yake. Na san mamaci ba ya dawowa, kuma ban san abin da suka gani ba. Sai a lokacin na faɗa mata kin rasu. Ta tambaye ni wa zai goge musu sauran talatin ɗin.

Mijinki ya ba ni mayafin. Ranar Asabar zan shiga mota a Utako in je in goge musu, ni da kika sani da tsoron zuma. Ina kewarki ƙwarai, Mashkura.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga ƙoramun zuma na Aljanna. Ga Malam Bello da 'ya'yanku, Zakiyya da Nazir, da matan da ke jira a gindin ɗorawa, Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Amin.