Teburin Injin Baba da Jan Kan Ƙadangare

Shekarar da Baba ya sayo injin murza katako, murna ta hana mu zama a gidanmu na Daura. Baba kafinta ne, ya daɗe yana yi wa wasu aiki a kasuwa. Sai ga shi wata Laraba ya shigo da injinsa na kansa a bayan a-kori-kura, irin wanda ke fitar da ƙafafun gado masu zobe-zobe. Aka sauke shi a zaure. Ni da ƙanena Sani muka yi ta zagaya shi kamar an kawo amarya.

Amma inji ba ya aiki a ƙasa. Dole a yi masa teburi, kuma Baba ya ce zai sa masa durowa ta wuƙaƙen sassaƙa da ta sanfefa. Abin da ya fi tsuma mu shi ne alkawarin da ya yi cewa mu za mu shafa fenti. Shuɗi ya sayo. Shi kuwa sauri yake yi, don wani mutumin Zango ya ba shi aikin gadon 'yarsa, biki ya matso, kuma wannan aikin farko shi zai fitar da sunansa ko ya binne shi. Nan da nan teburi ya tsaya. Baba ya ce gobe fenti.

Bayan isha'i muka taru gaban murhun Iya, mahaifiyar Baba, tana gasa mana gyaɗa a toka mai zafi. Daga zaure ana jin gudumar Baba.

"Ku matso," in ji Iya, "ga wata nan ta taho da ƙafarta."

"Ta iso mu ji ta," muka ce.

Ta ce wai sarkin dabbobi ya sa Ƙadangare ya yi masa teburin da za a ɗora dutsen niƙa. A lokacin kan Ƙadangare toka-toka ne kamar jikinsa. Ya haɗa teburi kafin hantsi, ya fito da jan fenti. Kunkuru ya zo wucewa, ya dafa, ya ji ƙafa ɗaya ba ta kai ƙasa ba.

A nan Iya ta maƙale murya irin ta Kunkuru, ta kuma ɗaga ta fiye da yadda ta saba. "Malam Ƙadangare, abin nan naka yana gaisuwa. Ka daidaita masa ƙafa tukuna, ado ba ya gudu."

Ƙadangare ya ce fenti zai rufe komai. Ya shafe teburi ja wur, ya bar tukunyar fentin a kai. Aka ɗora dutse, aka fara niƙa. Teburi ya yi gaba, ya yi baya, Ƙadangare na ƙasa yana bin sa da kai, har tukunya ta kife masa.

"Shi ya sa har yau kansa ja," in ji Iya, "kuma har yau yana gyaɗa shi, yana duba ko teburin ya tsaya. Nan ta ƙare, ku tashi ku wanke hannu."

Muka yi dariya har Sani ya ƙware da gyaɗa.

Da safe muka fito da burushi a hannu, sai Baba ya ce ba fenti yau. Sani ya yi kuka. Baba ya kwance ƙafafun, ya rage wadda ta yi tsawo, ya ɗaure su da katako a gicciye, ya kafe injin da noti. Ya ɗora kofi cike da ruwa, ya tayar da inji. Ruwan ya yi ɗan rawa, bai zube ba.

Ranar fenti kuwa ba ta mantuwa. Ni na ɗauki durowa, Sani ya ɗauki ƙafafu, muka yi shuɗi har gwiwar hannu. Yaran unguwa suka cika ƙofar zaure suna roƙon a ba su su shafa ko sau ɗaya. Da ya bushe, injin ya fara watso ɓawon katako mai ƙamshi, gadon Zango ya tafi a kan lokaci, aiki ya biyo aiki.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan gargaɗi ne gare mu masu ɗokin fenti. Sai bayan rasuwar Iya, ina da 'ya'yana, na tuna wa Baba tatsuniyar. Ya yi murmushi.

"Ai ba da ku take ba," ya ce. "Da la'asar ɗin ranar ta dafa teburin za ta fita, ta ji ya motsa. Ni ɗan farinta ne, ko sunana ba ta kamawa, balle ta gyara mini aiki a gabanku."

Tun daga ranar, in na ga kuskuren babba, nakan tsaya in nemi hanyar da gyara zai isa gare shi bai zubar masa da girma ba. Har yanzu ban kai Iya iyawa ba.