Ka Tafi Ba Ka Ji Amsata Ba, Malam Nu'uman

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, ana fitowa daga sallar azahar aka gaya mini ka rasu a asibiti. Na bi sahu an sallace ka, ni da na daina gaishe ka tun bara.

Ba zan ɓoye alherinka ba. Lokacin da kafil ɗina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya riƙe iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan, kai ka bar ɗalibanka a unguwar Malaz, ka tsaya kana yi mini Larabci har ya sake ta. Da Safiya matata ta kwanta ciwon ajali, a motarka muka yi ta zarya. Ni direba ne, ban yi boko ba, amma ba ka taɓa nuna mini hakan ba.

Shi ya sa da Muhibba, 'yata tilo, ta ce za ta rubuta jarrabawar shiga makarantar lauyoyi a ƙasar waje, wurinka na turo ta ka hana ta. Ka ce, "Alhaji Inuwa, bar ni da ita." Ashe koya mata za ka yi.

A jarrabawar, in ji ta, ana kawo maganar mutum, a ce ka nemo ƙa'idar da in babu ita maganar ba ta tsayawa. Sai ka ɗauki maganata, ni, ka mayar da ita darasi. Yarinya ta dawo gida, ta zuba mini shayi, ta ce, "Baba, ƙa'idarka ita ce ɗa ba ya barin uba tsoho?" Na ce ita ce. Ta ce, "To, shekarar Kaka nawa da ka baro shi a Gumel?"

Wannan ba bakinta ba ne, Malam. Kai kaɗai na taɓa ba labarin yadda tsohon ya riƙe hannun rigata a tasha. Ta ci jarrabawa, ta tafi, na ce kada ta ƙara kirana.

Na daɗe ina juya tambayar nan a kan sitiyari, kuma na samo amsa: mu tara ne a wurin ubana, ni ita kaɗai gare ni. Ba abu ɗaya ba ne. Na so in zo in faɗa maka ido da ido, ina jira ka fara yi mini sallama. Ka tafi ba ka yi ba. Wannan ma na riƙe.

Duk da haka na yafe maka, don kada hakkina ya tsare ka. Ban ce kana da gaskiya ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sauƙaƙa maka tambayar da ke gabanka. Ina yi wa matarka Hajiya Rabi ta'aziyya, da 'ya'yanka Amir da Shakir, da ɗalibanka. Muhibba na cikinsu. In wannan ya kai gare ta, lambata ba ta canza ba.