Hayaƙin walda da na yi ta sha wa maganin maleriya

Jama'a, ina nan da raina! Masu ta aiko saƙo suna tambayar ina na shige, ku yi haƙuri, jinya na yi.

A garin Beltsville na Amurka nake aiki, a wani ɗakin gwaji inda muke walda da hasken leza, muna haɗa ƙarfen jikin mota. Ƙarfen shafe yake da tutiya don kada ya yi tsatsa, kamar kwanon rufi. Da haske ya taɓa shi, tutiyar sai ta tashi ta zama farin hayaƙi.

Na dawo daga Zariya ke nan zazzaɓi ya fara kama ni da yamma. Sanyi, tari, baki kamar na tsotsi kwabo. Wa zai gaya wa Bazazzage maleriya? Na buɗe jaka na ɗauko maganin da na zo da shi. Asabar na warke sumul, har ina yaba maganin gida. Litinin abu ya dawo, ya fi na da. Mako na biyu ma haka.

Maimuna, matata, tana jego a lokacin. Ita ta kafe sai na je asibiti.

Aka ɗebi jini, babu maleriya. Da suka ji daga inda na dawo da irin tarin, sai suka fara zancen tarin fuka. Aka killace ni, aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓi kaki, aka ce kada in kusanci jaririya sai sakamako ya fito.

Wallahi na tsorata. Ko takardar kuɗin asibitin ba ta dame ni ba. Tunanina ɗaya: na riga na shafa wa 'yata?

Wata likita 'yar Jos ce ta zauna ta saurare ni. Da na ce mata ina warkewa duk Asabar, sai ta ajiye biro.

"Malam, wace maleriya ce ke hutun ƙarshen mako? Me kake ƙonawa a wurin aiki?"

Zazzaɓin hayaƙin ƙarfe ne. Aka duba wurin aikinmu, ashe bututun da ke zuƙe hayaƙin ya cire ta bayan inji, ni kuma kullum kaina na kan waldar. An gyara shi. Sakamako ya fito, ba tarin fuka, huhuna ƙalau.

Alhamdulillahi! Na gode wa likitar nan, da 'yan'uwa na Gaithersburg da suka yi ta kai wa Maimuna abinci.

Masu walda, ku duba abin zuƙar hayaƙi, ku sa takunkumi. Ku gaya wa likita sana'arku tun kafin ya tambaya. Maganin cikin jaka kuma a bari sai an gwada jini.

Ranar da na koma gida ko takalmi ban cire ba. Maimuna ta miƙo min yarinyar, ta ce in riƙe, ita ma hannunta ya huta. Yarinyar ta yi min tumbuɗi a riga, na ƙi canzawa har la'asar.