Yarinya Mai Laima a Labaran Yamma

Mai aski ya tsufa a shagon nan na bakin titi, amma da wuya ya kalli talabijin ɗinsa ido da ido. Tana maƙale a bango ta bayansa, sai dai ya gan ta a madubi, sama da kan wanda ke bisa kujera. Rubutun da ke gudu a ƙasan allo a juye yake zo masa, har ya saba karanta shi a haka.

Ba shi da yawan magana. Surutun shagon maƙwabcinsa mai guga ne ke kawowa, idan ya shigo da tawul-tawul da yamma.

"Sarkin ƙeya, yau kunnen wa ka yanke?"

"Naka nake jira, ƙona-riga."

'Ya ɗaya Allah ya ba mai aski. Auta ake kiranta, ko da yake ita ce ta fari. Tana karatun aikin jinya ciwo ya ɗauke ta, bara waccan, bai ko ba su lokacin tsorata ba. Ba ta son hoto. 'Yan waɗanda ta bari duk a ƙame take, kamar an tsare ta da laifi.

Da tsadar rayuwa ta fito da mutane kan titi, gidan talabijin na gwamnati ya ce gari lafiya lau. Don tabbatarwa aka nuna babban shataletale: motoci na zagayawa, masu talla na harkarsu, a kusurwar allo an rubuta YAU. Mai aski na gyara wa wani direba gemu ya ɗaga kai. Can nesa wata yarinya mai ruwan ɗorawar mayafi tana tsallaka titi, riƙe da baƙar laima mai karyayyen haƙarƙari ɗaya. A tsakiyar titi ta tsaya, ta ɗaga ƙafa ta gyara igiyar takalminta, ta waiwaya tana yi wa wani dariya. Sai aka wuce labarin wasanni.

"Baba, lafiya? Ka ci mini rabin gemu!" in ji direban.

Laimarsa ce, yarinyar kuma Auta ce. Tana nan a bayan ƙofar shago, inda Auta ta jingine ta.

Tsohon hoto gidan talabijin ya ɗauko daga ma'ajiya, ya lulluɓe ranar da shi. Kuma tunda ya yi musu aiki, sai suka riƙe shi. Duk ranar da aka yi zanga-zanga, da yamma Auta za ta tsallaka titi.

Matarsa kaɗai ya gaya wa. Ta zo sau ɗaya, ta tsaya daga bakin ƙofa ta kalla, ta ce, "Kullum sai na ce mata ta kai takalmin nan gyara." Ba ta ƙara zuwa ba. Ya ɗauki hoton a wayarsa, amma na waya abu ne da ya wuce, sai ka danna yake motsi. Na talabijin kuwa da kansa yake zuwa, mai karanta labarai ya ce ga yadda gari ya wuni, kuma a garin akwai ita.

Daga nan ya kama kansa da wani hali da yake jin kunyarsa. In ya ji ana jan ƙofofin shaguna da rana tsaka, barkonon tsohuwa ya fara yaji a ido, mutane na gudu suna salati, shi sai ya ɗauko tsumma ya goge madubi.

Rannan ana zanga-zanga, ɗan mai guga, ɗalibin jami'a, ya fita da safe bai dawo ba. Uban ya zaga ofisoshin 'yan sanda. Ko'ina amsa ɗaya: "Wace zanga-zanga, Baba? Ba ka kalli labarai ba?" Wata lauya da ke taimakon iyayen da 'ya'yansu suka ɓace ta ce, in da za a samu wanda zai nuna hoton nan ba na ranar ba ne, da an samu bakin magana a gaban alƙali.

Da yamma mai guga ya shigo hannu wofi, ya hau kujera.

"Aski na zo."

Mai aski ya dubi sanƙon mai guga, bai yi tsokana ba. Ya ɗaura masa ƙyalle, ya kunna inji. Labarai suka fara. Shataletale, motoci, laima. Injin ya tsaya. A madubi ya ga idon mai guga ma a kanta yake.

"Tun ranar farko na gane ta," mai guga ya faɗa a hankali. "Ni na ƙona gefen mayafin nan, ta yi mako ba ta gaishe ni ba." Ya gyara ƙyallen wuyansa. "Ba roƙonka na zo yi ba, ɗan'uwa. Ban gaya wa lauyar ba, ba kuma zan gaya mata ba."

Mai aski ya san abin da zai biyo baya. Ranar da aka ji cewa yarinyar da ke tafiya a labaran yau ta daɗe a ƙasa, ranar za a janye hoton. A gida ya zayyana wa matarsa, yana fatan ta ce ya rufa wa kansa asiri. Tana ninke kaya, ba ta ɗago ba.

"Malam, tamu mun san inda take kwance. Ɗan mai guga fa?"

Washegari ya ɗauki laimar, mai guga ya raka shi. A ofishin lauya ya buɗe ta gaban kyamara, ya nuna karyayyen haƙarƙarin, ya faɗi sunan 'yarsa da ranar da aka binne ta. Da zai fita ne ya kasa rufe laimar, sai da mai guga ya karɓa.

Gidan talabijin bai ce uffan ba. Amma bayan magana ta bazu, 'yan sanda suka amsa cewa yaron yana tsare, aka bar ubansa ya kai masa kaya. Mai guga ya goge riguna har uku, bai ƙona ko ɗaya ba.

Da aka sake fitowa titi, mai aski ya goge madubi kamar yadda ya saba. Labarai suka ce gari lafiya lau. Aka nuna wata sabuwar gada, fitilu a jere, ba kowa a kanta. Ya tsaya da inji a hannu, ya kalli gadar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, har aka wuce labarin wasanni.

"Baba, saura ɗaya gefen," in ji wanda ke kan kujera.

"Na sani, ɗana. Sunkuya."