Uwar Ƙullun Iya Delu

A gidanmu na unguwar Zongo, a Kotonu, ba a yin tatsuniya sai ranar gashin burodi. Sauran yaran unguwa suna samun tasu duk daren da kakanninsu suka ga dama, mu kuwa sai mun ga Iya Delu, kakata ta wajen uba, ta fito da baƙar tukunyar ƙarfe bayan magariba ta ce a hura gawayi. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai takwara. Gefen damanta wurina ne, duk wanda ya riga ni zama sai ya tashi.

Burodinta ba irin dogon nan na Faransawa ba ne da ake tallarsa a kwando kowace safiya. Nata dunƙulalle ne kamar ƙwarya a kife, ɓawonsa mai kauri, ya yi ja har yana neman baƙi. In ka gutsura sai ka ji ƙaras, cikinsa kuwa ramuka-ramuka da ɗan tsami-tsami. Maƙwabta suna yi mata tsiya, wai burodin Iya sai mai cikakken haƙori, ga shi ita nata sun kusa ƙarewa. Takan tsoma nata a shayi ta ce kowa ya ji da bakinsa.

Daga kakanmu Malam Sani ta samo shi. Yana saurayi ya yi aiki a ƙarƙashin wani kuku ɗan Italiya mai dafa wa ma'aikatan tashar jiragen ruwa abinci. Da mutumin zai koma ƙasarsu, sai ya ɗebo masa ɗan curin ƙullu a gwangwanin madara, ya ce kada ya taɓa sa yis na kanti, wannan ƙullun shi ke tayar da burodi, muddin ana ciyar da shi ba ya mutuwa. Malam ya rasu tun ba a haife ni ba. Bai bar gida ba, bai bar ko hoto ba, wannan ƙullun kaɗai ya bari. Iya ta sa masa suna uwar ƙullu, ta ajiye shi a wata ƙaramar tukunyar ƙasa a bayan randa, ta rufe da faifai. Kowace safiya kafin ta sa komai a bakinta sai ta zuba masa fulawa da ruwa. In ka ɗaga faifan, tsami ne zai buge ka kamar na kamun da ya kwana, ga kumfa yana tasowa a hankali. Baƙo ya gani zai rantse abin ya lalace.

Ranar gashi tun da hantsi take ɗebo kaɗan ta kwaɓa da fulawa da ruwa da gishiri, shi ke nan. Ba ta murza shi, ninke shi take yi kamar zane, sau ɗaya bayan azahar, sau ɗaya bayan la'asar. In tukunyar ƙarfe ta ɗau zafi sai ta jefa shi ciki, ta tsaga samansa da reza, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfi. Takan ce tururin da aka tsare a ciki shi ke yin ɓawo, wanda ya buɗe da wuri ya cuci kansa. Kuma dole a ci a daren, domin iskar tekun Kotonu ba ta barin ɓawo ya kwana, kafin safiya ya yi laushi. Don kada mu dame ta da tambayar ko ya nuna, sai ta gyara zama ta ce, ga ta nan ga ta nanku, wanda ya taɓa murfi ba shi ba ci.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa, ni kuma ita na fi ƙi. Wai a wani ƙauye akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa ko da rani ya kai inda ya kai. Sai dai wurin ba shi da kyan gani, duk taɓo ne da gansakuka, kuma a ƙarƙashin taɓon wata tsohuwar gaiwa ce ke kwance. Motsin da take yi shi ke buɗe hanyar ruwan. Tsofaffin gari sun san haka, amma abin ya zama jiki har ba mai faɗa. Ran nan sai ga baƙo, yunwa da ƙishirwa sun kusa kashe shi. Suka sauke shi, suka yi jinyarsa har ya warke. Shi kuwa mutumin kirki ne, ya rasa da me zai saka musu. Da kowa ya tafi gona sai ya ɗauki fartanya ya nufi idon ruwan, ya wuni yana kwashe taɓo, ya jefar da gaiwa can kan tudu, ya jera fararen duwatsu, wuri ya yi fes.

A nan Iya take tsayawa ta kawar da murfi don ɓawo ya yi ja. Ƙamshi ya cika tsakar gida, har masu zemijan, wato 'yan acaɓa, da ke hutawa a ƙofar gida su leƙo su yi sallama. Sannan ta ci gaba: mutane suka dawo da yamma suka tarar da baƙo yana murmushi, hannuwansa duk sun yi kanta, ruwa kuma ya tsaya cak.

Duk lokacin da ta kawo nan sai na tambaya, ko da yake na san amsar.

"To Iya, me aka yi wa baƙon?"

"Me za a yi masa, takwara? Sannu da aiki suka yi masa, suka ba shi guzuri."

"Ruwan fa?"

"Ruwa ya tafi. Ba kowace ɓarna ce ke da mugu ba."

Sai ta ce ƙurunƙus, ta juye burodi a faifai, ta ƙwanƙwasa gindinsa ya yi ƙara kamar ganga. Mu yi shiru muna jin ɓawon yana tsattsagewa ƙas-ƙas yayin da yake hucewa. Ni dai haushi nake kwana da shi. Tatsuniyar da ba a kama kowa ba, ba a doki kowa ba, ina amfaninta?

Na girma, na yi aure a unguwar Agla, ina sayar da atamfa a kasuwar Saint-Michel. Cikin jikokinta ni kaɗai na koyi gashin. Ta ɗebar mini uwar ƙullu na tafi da ita gidana, amma wata damina ruwa ya shiga mana har gwiwa, ya tafi da ita tare da tabarmi da tukwane. Saura ta bayan randa kaɗai. Na so in sake ɗiba, Iya ta ce in bari damina ta wuce, kada a yi asara biyu. Ta riƙe hannuna ta ce, "Takwara, ranar da aka ce miki na tafi, ki fara ɗaukar tukunyar nan kafin ki fara kuka." Na yi dariya na ce ita da za ta ga auren jikokina.

Kafin damina ta wuce Iya ta rasu. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a ranar, hanyar Agla ta yanke, masu zemijan suka ƙi shiga. Da ƙafa na ratso ruwan, ban iso Zongo ba sai bayan an kai ta. Ban tsaya gaisuwa ba, na wuce bayan randa. Babu komai a wurin sai zagayen da gindin tukunyar ya bari a ƙasa.

A bakin rariya na ga tukunyar, a kife cikin jerin kwanuka, an goge ta da soso da toka. Gwaggo Asabe, ƙanwar Iya da ta zo jinya daga Birnin Kebbi, tana durƙushe a wurin tun safe. Kamar yadda aka saba a gidan rasuwa, ta tattaro duk wani abin girki ta wanke saboda abincin masu zaman makoki. Idanunta sun kumbura, yatsunta sun yi fari don ruwa. Ta ɗago ta ce mini ta tarar da wani ƙullu ya ruɓe a bayan randa, ta yi maza ta zubar tun mutane ba su gani ba, kada a ce an bar yayarta cikin ƙazanta.

Na dubi rariyar, ruwan sama ya riga ya wanke ta tas. Na dubi tsohuwar da ta rasa 'yar'uwarta ta ƙarshe a duniya. Bakina ya buɗe da kansa.

"Sannu da aiki, Gwaggo. Allah ya ba da lada."

Har ta koma ga Allah ban gaya mata ba.

Tun daga nan nake gwadawa. Na sa yis na leda, burodi ya tashi amma ba shi da ɗanɗano. Na haɗa sabuwar uwar ƙullu a tukunyar Iya, ta yi kumfa, ɓawo ya fito, har ƙarar tana nan, amma da na kai baki na san ba shi ba ne. Abin da ya fi ci mini rai, yanzu na fara shakkar ko zan gane shi in ya dawo. Ƙamshin yana gushewa daga hancina shekara bayan shekara, kuma ba wanda ya rage da zan tambaya. Da ina da wanda zan tsana, da wataƙila na sami sauƙi. Ina yarinya na ɗauka Iya tana koya mana mu kula da abin da ke rayar da mu ne. Yanzu ina ganin ta san kulawa ba ta hana komai, so take mu san abin da za mu faɗa in abin ya riga ya faru.

'Yata Hauwa ba ta son burodina, ta ce yana yanka mata dasashi, ta fi son mai laushi na kanti. Tatsuniya ce kawai ke zaunar da ita kusa da gawayi. Kwanan baya na ba ta labarin idon ruwan, ta saurara har ƙarshe, ta ɓata rai irin yadda nake ɓatawa.

"To Umma, me aka yi wa baƙon?"

Na ɗaga murfi, tururi ya tashi.

"Sannu da aiki aka yi masa," na ce.